Sabunta domen ɗin kamfani: ina makomar lasisinmu na RDS na 2012?

Nasiru, Yamai · Talata 21:14

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kafin in taɓa abin da zai iya hana mutum 34 aiki. Kamfanin da nake wa aiki yana sarin kayan masarufi, shinkafa da mai da sukari. Babban biro yana nan Yamai, muna da rassa a Tawa da Ƙonni da Maraɗi. Lissafi da ƙidayar kaya duk suna kan saba ɗaya a nan, mutanen rassa suna shigowa daga nesa ta RDP (hanyar buɗe allon saba daga wata kwamfuta) cikin VPN (rufaffiyar hanya ta intanet).

Sabobi biyu gare mu, duka Windows Server 2012 R2. Ɗaya ita ce DC, wato mai riƙe da domen, tsarin asusun ma'aikata da kwamfutocinmu, ɗayar ita ce sabar aiki da kowa ke shiga. Tun 10 ga Oktoba 2023 tallafin 2012 R2 ya ƙare, sai bana maigida ya yarda aka sayo sabon inji da Windows Server 2022 Standard. Niyyata ranar Asabar in kafa sabuwar DC, in mayar mata da ayyukan FSMO biyar (ayyukan jagorancin domen), in sauke tsohuwar, in ɗaga matakin domen zuwa 2016. Muna da lasisin RDS (na shiga saba daga nesa) guda 30 na 2012, irin na na'ura, wato kowace na'ura da nata, wanda ya riga ni wurin ne ya saye su. Za su ci gaba da aiki bayan na gama?

Malam Isufu · 21:40

Wa alaikumus salam Nasiru. Kafin in amsa, buɗe licmgr.exe ka gaya mini sunan injin da ke raba lasisin. Sannan a kan DC ka buga dfsrmig /getglobalstate ka faɗa mini abin da ya ce. Kuma sabar aikin, za ka bar ta a 2012 R2 ko ita ma za ka sabunta?

Nasiru, Yamai · 22:05

Malam, na duba. Lasisin a kan DC ɗin suke, ita wadda nake shirin kashewa. Wallahi shekara uku ina wurin ban taɓa lura ba. Umarnin na biyu kuma ya ce ba a fara ƙaurar ba tukuna. Sabar aiki ina so in sabunta ta, amma ba wannan Asabar ba.

Malam Isufu · 22:31

To alhamdu lillahi da ka tambaya. Abu uku ne ka ɗaure da igiya ɗaya, bari mu kwance su.

Ɗaga matakin domen bai shafi lasisin RDS ba ko kaɗan. Matakin nan magana ce tsakanin DC da DC, yana faɗin mafi tsufan Windows da aka yarda ya zama DC. Saba ta 2012 R2 da ba DC ba tana iya zama cikin domen mai matakin 2016 lafiya lau, lasisinta na aiki.

Abin da ke kashe mutane shi ne wanda ka gano yanzu. Da yawa cikin masu kafa wa ƙananan kamfanoni rezo suna ɗora aikin raba lasisi a kan DC don ita ce ba a kashewa, sai su tafi ba su rubuta ko'ina ba. Ranar da aka sauke DC aka zare mata waya, sabar lasisi ta tafi da ita.

Na uku shi ne shekara. Ƙa'idar tsani ce: lasisi dole ya kai shekarar sabar aiki ko ya wuce ta, sabar lasisi kuma dole ta kai shekarar lasisin ko ta wuce. Lasisin 2012 yana buɗe 2012 da 2012 R2, ba ya buɗe 2016, balle 2022. Lasisin 2022 kuwa yana buɗe 2022 da na ƙasa da shi. Sabar lasisi ta 2022 tana karɓar tsofaffin lasisinka na 2012 ta raba su, amma ta 2012 R2 ba za ta karɓi na 2022 ba. Saboda haka guda 30 ɗinka suna da rai muddin sabar aiki tana 2012 R2. Ranar da ka sabunta ta, sun gama aikinsu, sai in an saye su da Software Assurance (yarjejeniyar Microsoft mai ba da damar sabunta lasisi) kuma yana nan da rai lokacin da 2022 ta fito, abin da ban zata ba.

Game da dfsrmig, amsar da ya ba ka tana nufin SYSVOL ɗinka, wato fayilolin domen da DC ke rabawa, har yanzu kan tsohon tsarin kwafi na FRS yake. 2022 ba za ta yarda ta zama DC ba sai ka mayar da shi sabon tsarin DFSR, kuma matakin domen ya kai 2008 aƙalla. Mataki uku ne, kada ka tsallaka zuwa na gaba sai wanda kake ciki ya kammala, na ƙarshe kuma ba a dawowa daga shi. Wannan Asabar ɗin ka ba wa wannan aikin kawai, bayan ka ɗauki kwafin ajiya ka gwada cewa yana buɗuwa.

Salisu ɗan Tawa · 23:02

Nasiru, ka ji maganar Malam da kunne biyu, don ni wanga abu ya ci ni. Shekarun baya munka canza DC a wani wurin aiki nan Tawa, munka kashe tsohuwar ran Lahadi da dare. Litinin kowa ya shiga, Talata kowa ya shiga, har anka yi mini barka. Kwana goma sha biyu bayan nan sai kwamfutar mai karɓar kuɗi ta ƙi shiga. Ita ɗaya. Na canza waya, na canza kati, na sake saka Windows, ba ta shiga ba. Na ɗauko wata daga sito na aje mishi, ita ma ta ƙi. Sati ya zagayo sai ta sakatariya. Bayan kwana huɗu sai biyu cikin na lissafi, kuma ranar anka fara shirin albashi. Ina tuna akawun tsaye bayana da takardu cikin hannu, watan Afrilu, kuran ya ɗauke, ondilar na kuka, rigata ta jiƙe sharkaf, shi ko bai ce mini komi ba, shirun nan ya fi faɗa zafi.

Abin da ya ɓatar da ni shi ne faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Da duka sunka faɗi rana guda, da na gane saba ce. Ashe lasisin na'ura kowane da nashi wa'adi, tsakanin kwana 52 da 89, kuma kwamfuta tana neman sabuntawa in saura kwana 7 ya ƙare. Da sabar lasisi ta ɓace, kowace ta ci gaba da cin guzurinta har ya ƙare, wata saura mata sati biyu, wata kusan wata uku. Sai da na buɗe lsdiag.msc, mai binciken matsalar lasisi, na ga yana neman sunan injin da ke ajiye ƙarƙashin teburina da ƙura a kai. Allah ya so ban goge faifan ba.

Amina · Laraba 07:48

Sannu Salisu. Ni nawa ta wata fuskar ya zo. Mun kafa sabar aiki ta 2019 alhali lasisinmu na 2016 ne, na mutum, wato kowane ma'aikaci da nasa. Wata huɗu komai lafiya, saboda sabuwar sabar aiki tana da kwana 120 na alfarma tun daga ranar da aka ɗora mata aikin. Da suka cika sai saƙo ya fara fito wa mutane cewa akwai matsala a lasisinsu, za a cire su bayan minti 60. Kuma ana cire su ɗin, mutum na tsakiyar shigar da faktir.

Nasiru, alfarmar nan sabuwar sabar aiki kaɗai ke da ita. Tsohuwarka ta cinye tata tun shekaru, kada ka dogara da ita.

Ibro · 08:15

Ni fa ina ganin ana wahalar da Nasiru. Kowa a nan ya san akwai wuri cikin rajistar Windows da in ka goge, kwana 120 ɗin su dawo sabbi. Sau uku a shekara ne, minti biyar. Mu faɗi gaskiya, lasisi 34 da kuɗin waje ake sayensu, mu kuma sefa muke samu. Maigidan da ya yi shekara biyu kafin ya sayi inji, yaushe zai sake fitar da miliyoyi don abin da ba ya gani da ido? Ina kula da wurare da dama a Yamai, na san yadda ake fama kafin a biya ko kuɗin tawada.

Hajiya Rakiya · 08:52

Ibro ƙanena, na san wahalar da kake faɗi, ni ma na zauna gaban masu kamfani ina roƙo. Amma ban yarda da shawarar nan ba, kuma ba zan yi shiru ba tunda akwai yara masu koyo cikin zauren nan. Kwanakin an ba da su ne don ka samu lokacin kafa sabar lasisi. Goge su kana maimaitawa amfani ne da kayan mutane ba biya, ko da wane suna aka kira shi. Kuma wa zai ɗauki laifin? Ranar da banki ko wani babban abokin ciniki ya turo masu bincike suka nemi takardun lasisi, maigida zai ce shi bai san rajista ba, yaronsa na kwamfuta ne ya yi. Sunan Nasiru ne zai ɓaci a garin da duk masu sana'ar nan sun san juna.

Ibro · 09:03

Hajiya, sau nawa kika ga an zo bincike irin wannan a nan?

Hajiya Rakiya · 09:20

Na gani, wurin da ke aiki da ƙungiyoyin waje, kuma takardar lasisi na cikin abin da suka fara tambaya. Amma ko ba a taɓa zuwa ba, amana aka ba shi. In maigida ya ƙi saye, Nasiru ya rubuta masa takarda, ga abin da ake buƙata, ga abin da zai faru in ba a yi ba, ya sa hannu. Daga nan zaɓin nasa ne.

Kuma akwai abin da ban ga an ambata ba. Malam ya yi gaskiya cewa sabunta domen bai taɓa lasisin RDS ba, sai dai ya taɓa ɗaya lasisin. Lasisin RDS ƙari ne a kan CAL na Windows Server na yau da kullum, wato lasisin amfani da saba. Ranar da DC ta zama 2022, duk mai shiga domen yana amfani da saba ta 2022, don haka CAL ɗinsa na 2012 bai isa ba. Babu injin da zai hana ka shiga, babu saƙon da zai fito, shi ya sa ake mantawa. Nasiru, duba faktir ɗin sabon injin ka ga ko an haɗo da su.

Malam Isufu · 09:44

Hajiya ta cike gurbin da na bari, na gode. Ibro, ko mu ajiye maganar halal da haram, dabarar tana da ranar da take kayar da mai ita. Dole ka tuna ranar cikar wa'adi, dole ka sake tayar da saba, kuma ranar da ta cika kana Dosso wurin biki ko kana kwance da zazzaɓi, rassa uku sun tsaya. Wanda zai gaje ka kuma ba zai san akwai agogon da ke ƙirga ba, kamar yadda Nasiru bai san inda aka ɓoye masa sabar lasisi ba.

Ibro · 09:58

Maganar wanda zai gaje ni ta shige ni, Malam. Amma har yanzu ina cewa kuɗin ya yi wa ƙananan wurare nauyi, kuma wanda bai taɓa neman sa hannun ɗan kasuwa kan irin wannan faktir ba ba zai gane ba.

Nasiru, Yamai · 12:30

Na duba faktir, Hajiya. CAL biyar kacal aka haɗo da injin. Ke nan lissafi biyu zan kai wa maigida.

Sabon abin da ya taso: in zan sayi na 2022, na mutum zan ɗauka ko na na'ura? Kuma wani abokina ya ce me ya sa ba zan tafi 2025 kai tsaye ba.

Amina · 12:51

Ta 2025 amsarta gajeriya ce. DC ta 2025 tana buƙatar matakin domen 2016, kai kuwa ba za ka kai 2016 ba muddin akwai DC ta 2012 R2. Sai ka bi ta tsakiya dole. 2022 da ke hannunka tana da tallafi har Oktoba 2031, ta ishe ka.

Ɗayar kuwa ƙirga za ka yi. Mutum nawa, na'ura nawa, har da wayoyi da kwamfutocin gida.

Salisu ɗan Tawa · 13:25

Ni na na'ura nike so ga rassa. Ma'aji irin namu na nan, mutum bakwai ne ke karɓa-karɓa kan kwamfuta biyu, na safe da na marece. Lasisi biyu ke nan maimakon bakwai. Kuma na na'ura ba ya barin ka wuce adadin da ka saya, sabuwar kwamfuta tana samun na wucin gadi na kwana 90, in babu saura bayan nan ta tsaya. In kwamfuta ta mutu ko anka sace ta kana iya janye lasisinta, har kashi 20 cikin ɗari na abin da kake da shi.

Amina · 13:40

Gaskiya ne Salisu, amma sabar aiki ɗaya tsari ɗaya take bi, ko na mutum ko na na'ura. Sabar lasisi tana iya riƙe iri biyu, sabar aiki ce ba ta haɗawa. In yana son rassa su bi na na'ura, Yamai ta bi na mutum, sai ya kafa sabar aiki biyu. Lasisin Standard kuma VM biyu (sabobin da ake ƙirƙira cikin inji ɗaya) ya ba shi, ɗaya DC, ɗaya sabar aiki, sun ƙare.

Nasiru, Yamai · 16:10

Na kira rassa na ƙirga. Mutum 34, na'ura 41. Maigida shi kaɗai yana da uku, ta biro, ta gida, da waya. Masu zagaya kasuwa su ma kowa da wayarsa da kwamfutar hannu. Yanzu na gane dalilin da wasu ke cewa kwamfutarsu ta yi wata uku tana shiga sannan ta daina: guda 30 ɗin sun ƙare tuni, na wucin gadi suke ci. Na mutum zan nema, 34.

Hajiya Rakiya · 16:34

To ka riƙe wannan: na mutum ba a janye shi da hannu, kuma saba ba za ta tsayar da kai a kan 34 ba in ma'aikata sun ƙaru. Kai ne za ka riƙa fitar da rahoto daga licmgr kana gwadawa da abin da aka saya. Ka saya wurin dillalin da zai sa lasisin da sunan kamfaninku, ka gan shi cikin asusunku na Microsoft da idonka. Lambobin da ake tallatawa da araha a intanet ba takarda, ka bar su.

Malam Isufu · 21:05

Ga yadda zan bi da a ce ni ne. Asabar ta farko DFSR kawai. Ta biyu ka kafa VM biyu, ka ɗaga ɗaya ta zama DC, ka bar tsohuwar DC a kunne. A VM ta biyu ka ɗora aikin raba lasisi shi kaɗai. Kada ka ɗora mata aikin sabar aiki tukuna, don ranar da ka ɗora shi agogon kwana 120 zai fara, kai kuwa ba ka san ranar da maigida zai sa hannu ba. Don gudanarwa kana da zama biyu na admin da ba sa neman lasisin RDS.

Ka kunna sabuwar sabar lasisi ta intanet, sannan ka yi ƙaurar tsofaffin 30 ɗin ta Manage Licenses. Zai tambaye ka lambar tsohuwar saba da lambar sayen asali, ko ta yarjejeniya ko mabuɗin kwali. Nan ne mutane ke maƙalewa, don haka fara neman takardar tun gobe. Bayan nan ka gyara GPO, wato ƙa'idojin da domen ke tura wa injuna, wuri biyu ne ƙarƙashin Licensing: sunan sabar lasisi, da tsarin da ake bi. Ka buɗe lsdiag.msc a tsohuwar sabar aiki ka ga ta ga sabuwar ba ja ba rawaya. In akwai bangon wuta tsakaninsu, tashar 135 da tashoshin RPC na sama dole su buɗe. Sai ka ga an ba wata kwamfuta lasisi daga sabuwar da idonka, sannan ka mayar da FSMO ka sauke tsohuwar DC. Ko ka sauke ta kada ka goge ta sai wata uku sun wuce. Kuma DC ɗaya tak ba zama ba ne, ka sa ta biyu cikin lissafin baɗi.

Nasiru, Yamai · Litinin 19:22, bayan sati biyar

Ƴan uwa na dawo da labari. Takardar sayen 2012 ta ba ni wahala fiye da sabobin. Kamfanin da ya sayar mana ya rufe, wanda ya riga ni ya bar ƙasar. Kwana uku muna zazzage kabad ɗin ƙarfe ni da tsohon akawu, muka same ta cikin fayil ɗin takardun kwastan na wata motar shinkafa, ta yi ruwan ƙasa, kusurwa ɗaya gara ta ci, amma lambobin suna karantuwa. Na ɗauki hotonta, na rubuta sunan kowace saba da aikinta a littafi na ajiye a kabad ɗin saba.

Ƙaura ta yi, tsohuwar DC ta sauka, matakin domen yana 2016. Maigida ya sa hannu kan lasisin bayan na kai masa takardar da Hajiya ta ce, ya karanta sau biyu. An saka 34 na 2022, sabuwar sabar aiki ta tashi jiya. Saura abu ɗaya: a littafin aukuwa na sabar lasisi ina ganin lamba 4105 tana maimaituwa, wai ta kasa rubuta bayanin lasisi kan asusun mutum. Ba kowa ba, mutum tara ne, duk tsofaffin ma'aikata, har da ni kaina.

Malam Isufu · 19:50

Barka da ƙoƙari. Lasisin mutum a cikin AD (Active Directory, kundin asusun domen) ake rubuta shi, kan asusun mai shi, don haka sabar lasisi tana buƙatar izinin rubutu. Fara duba rukunin Terminal Server License Servers cikin Builtin, in domen da Faransanci aka kafa shi sunan zai fito da Faransanci, ka tabbata sabuwar sabar tana ciki, ka cire tsohuwar, ka sake tayar da injin. Da a kan DC take, da sai ka ƙara Network Service ma. Amma tunda sabbin ma'aikata suna samu, rukunin daidai yake. Tsofaffin asusun nan an buɗe su tun kafin a sabunta tsarin AD, ba su gaji izinin ba. Ka ba rukunin izinin karantawa da rubuta bayanin Terminal Server License Server a kan OU ɗin da suke, wato sashen AD da asusun ke ciki, ta Delegate Control.

Naka daban ne. Asusun da ke cikin Domain Admins yana ƙarƙashin kariyar AdminSDHolder, ba ya gadon izini daga OU, in ka sa da hannu ma bayan awa ɗaya za a mayar da shi yadda yake. Buɗe wa kanka asusu na biyu mara iko don aikin yau da kullum, wancan ka bar shi don gudanarwa.

Nasiru, Yamai · 21:37

Na yi, Malam. Takwas ɗin sun fita sun sake shiga, 4105 ba ta dawo ba, sunayensu sun fito cikin rahoto. Na buɗe asusu na biyu. Salisu, gobe da safe in mutanenmu na Tawa sun kira ka kan firinta ba ta fitowa cikin sabuwar saba, don Allah ka leƙa musu, direbanta na 2022 nake nema yanzu.

Salisu ɗan Tawa · 21:45

Ba komi, ma'ajin naku kan hanyata yake. Turo mini lambar samfurin firintar, in na gama asuba in biya.